Banki Na Cira Kowane Wata, Ga Tsofaffin Basussuka: Ina Zan Kai Rapel Ɗina?

Tambaya daga Tawa: "Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne. Shekara biyu ke nan da na ci bashin banki, miliyan 3 na shekara biyar, don in rufe ginin gidana. Kowane wata ana cire mini kusan jikka 64, wato sefa dubu 64, daga albashi, ban taɓa tsallake wata ba. Amma akwai tsofaffi a kaina: jikka 150 na wani mai ba da kuɗi da ruwa, ina ba shi jikka 15 duk wata, wata 14 ke nan, kuma yana riƙe da shek ɗin da na sa wa hannu, ragowar jikka 180 na wata kes (ƙaramar ma'aikatar ajiya da bashi) da na daina biya shekara shida da suka wuce, buhu huɗu na gero wajen wani ɗan kasuwa, da jikka 100 na gwaggona. Yanzu rapel, wato kuɗin albashin baya da nake bi, ya fito mini, jikka 300. In zuba wa banki in rage, ko in bi tsofaffin? Wani abokina kuma ya ce in sabunta bashin bankin, in biya kowa lokaci guda."

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina aikin bashi, da farko a wata kes a nan Adar, daga baya a sashen karɓo bashi na wani banki a Yamai, don haka irin takardarka ta sha ratsa hannuna. Amsar a taƙaice: kada ka ƙara wa banki ko dala ɗaya a kan abin da yake cira, kuma kada ka sabunta. Bashin da ke tafiya daidai bisa tsarinsa ba shi ne wutar da ta kama maka riga ba.

Ba ka faɗi ruwan da bankin ya ɗora maka ba, amma jikka 64 a wata kan miliyan 3 cikin wata 60 na nuna kusan kashi 10 cikin 100 a shekara, in an ajiye haraji da asirans, wato inshora, gefe. Irin wannan bashi, ruwansa a gaba yake taruwa. Watan farko, cikin abin da aka cire maka jikka 25 ruwa ne, ragowar ce ta taɓa uwar kuɗi. Cikin wata 24 da ka yi, ka riga ka biya ruwa na kusan jikka 505; abin da ya rage maka na ruwa cikin wata 36 masu zuwa bai wuce jikka 320 ba, uwar kuɗin kuma ta sauko wajen miliyan 1 da jikka 975. Wato mafi ɗacin maganin ka riga ka haɗiye shi. In ka ɗauki jikka 300 ɗin nan ka zuba yau, za ka rage wata shida a ƙarshen wa'adi, ka tsira da ruwa kamar jikka 95, cikin shekara uku. Wannan ma in yarjejeniyarka ba ta ɗora tara kan biya kafin lokaci ba, kuma da yawa suna ɗorawa. Mutumin shek kuwa jikka 180 yake karɓe maka cikin shekara ɗaya tak. Ka aza lambobin nan biyu gefe da gefe. Kuma lura, albashinka na watan gobe ba zai ƙaru da ko tamma ba don ka zuba wa banki. Jikka 64 ɗin nan za a ci gaba da cira.

Ka je bankin duk da haka, ka nemi takardar jadawalin biya, wadda suke kira tableau d'amortissement. Haƙƙinka ne. A nan za ka ga lambobinka na gaskiya, layi-layi, wata-wata.

Shawarar abokinka ita ce na fi tsoro, don ita ce mai zaƙi. Ka ce ka karɓi sabon bashi na miliyan 2 da rabi, shekara biyar, ruwa iri ɗaya. A biya tsohon, a miƙo maka jikka 525 a hannu, abin da ake cira ya sauko daga 64 zuwa 53. Ranar za ka kwana da murna. Amma ruwan sabon ya kai jikka 687, maimakon 320 da suka rage maka, ga kuɗin dosiye, ga sabon asirans, ga shekara biyu da ka ƙara wa wuyanka. Abin da ya fi muni: kuɗin gwaggo da geron ɗan kasuwa, waɗanda ba sa haihuwa, ka mayar da su bashi mai ruwa da hannunka. Na ga ma'aikata da suka sabunta sau uku, sau huɗu, har suka kai ritaya bankin bai sake su ba. Sabuntawa ko tsawaita wa'adi na da ranarsa: ranar da albashi ya kasa ɗaukar nauyin da gaske, kuma a je wa banki tun kafin a tsallake wata na farko. Kai ba ka kai nan ba.

To, mu zo ga mai ruwa, don nan ne jinin ke zuba.

Kashi 10 cikin 100 a wata, kashi 120 ne a shekara. A ƙasashen da ke cin sefa ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, akwai iyakar da doka ta sa wa ruwa. A farkon 2014 aka sauke ta daga 18 zuwa 15 ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan ma'aikatun bashi da sauran masu ba da rance. Abin da ya haura iyakar laifi ne a gaban doka, kuma rarar da aka karɓa ana lissafa ta ne cikin biyan uwar kuɗi. Mutuminka ya ninka iyakar sau biyar. Ya ba ka 150, ka ba shi 210, yana kuma cewa 150 ɗinsa na nan daram. A addini ma ka san hukuncin: ayar Baƙara ta 279 ta ce mai riba in ya tuba, uwar dukiyarsa kaɗai gare shi. Ta kowace fuska ka duba, ka riga ka gama biyansa.

Amma ba zan ce ka je ka tsaya ƙofar shagonsa kana karanta masa doka ba. Yana riƙe da shek ɗinka, kuma wannan ita ce igiyar. In ya cika shi ya kai banki ranar da asusunka ba kome, shek ya dawo, sunanka ya shiga rajistar masu shek marar kuɗi ta babban banki, a hana ka amfani da shek, bankin da kuke zaman lafiya ya fara kallonka da wani ido. Don haka abin da za ka saya da kuɗinka ba yafiyarsa ba ce, takardar nan ce.

Ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa: limamin masallacin da yake salla, ko mai unguwa, ko wanda ya haɗa ku tun farko. Ku zauna. Ka zo da lissafin abin da ka biya a rubuce, wata da wata. In ta Nita ko Amana ka riƙa aika masa, resi-resin nan su ne shaidarka, ka tattaro su. Ka ce: "Alhaji, ka taimake ni ranar da nake cikin matsi, ban manta ba. Na ba ka 210. Ga 75 a hannu yau, mu rufe, ka ba ni takardata." Ka fara daga ƙasa da haka, 75 ce iyakarka. Yawancinsu suna karɓa. Sun san abin da suke yi ba ya son hasken rana, kuma kuɗi a hannu gaban liman ya fi musu rigimar da za ta kai gaban alƙali. In ya ƙi, ka daina biyan ruwan, ka je bankinka ka gaya musu halin da shek ɗin ke ciki, ka kuma nemi shawarar lauya kafin shi ya motsa. In ya karɓa, kada kuɗin ya bar hannunka sai shek ɗin ya shiga. Ka duba lambarsa, ka tabbata shi ne. "Zan nemo maka shi gobe" ba magana ba ce.

Daga ranar, jikka 15 ta dawo aljihunka kowane wata. Ka riƙe ta a rai, za mu ba ta aiki.

Sai gwaggo. In ka tambayi ɗan banki zalla, zai ce ta jira: ba ruwa, ba takarda, ba za ta kai ka ƙara ba. Ni na ce ka biya ta duka, wannan makon. Dalilin da ya sa ake barin irin nata a ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ya kamata ya zo gaba: kunya ta ɗaure mata baki. Tsohuwa ba ta da jikka 100 a ajiye haka kawai. Ko tumakinta ta sayar, ko kwasar adashinta ce. Kuma ka duba wannan: bashin albashi na banki galibi da asirans ɗin mutuwa yake tafe, in ta Allah ta kasance a kanka, kamfanin ya biya ragowar. Na gwaggo wa zai biya, alhali watakila daga kai sai ita kuka sani? In kuma ita ce ta riga ka, kuɗin ya zama na magada, mutum ɗaya da za ka nemi yafiyarsa ya koma mutum takwas, wani na Abijan, wani na Libiya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Jiya ba ka da hali, yau rapel ya ba ka.

Ka kai da kanka, kada ka aika yaro. Za ta ce "haba ɗan nan, ai na bar maka". Kada ka yi saurin mayarwa aljihu. Ka ajiye mata a gabanta, gaban wani babba na gidan. In bayan ta riƙe kuɗinta ta ga dama ta yi maka kyauta, wannan kyauta ce ta gaskiya.

Na kes shi ne mai sarƙaƙiya, kuma nan ne mutane ke yin kuskure da kyakkyawar niyya.

Nijar na cikin ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ta bai ɗaya, kuma dokar kasuwanci ta OHADA ta ce haƙƙin da ya taso daga harkar kasuwanci, tsakanin ƴan kasuwa ko tsakanin ɗan kasuwa da wanda ba ɗan kasuwa ba, in ya shekara biyar ba a bi shi ba, damar kai ƙara a kansa ta faɗi. Ko wannan ya hau kan naka, ya danganta da irin ma'aikatar da kuma ko sun taɓa kai maganar gaban shari'a cikin shekarun nan. Abin da ya kamata ka sani shi ne: ranar da ka amsa cewa ana bin ka bashin, ko da sa hannu ko da biyan wani abu a ciki, lissafin shekarun ya koma farko. Ba ina koya maka gudu ba ne. Wa'adin doka ƙara yake kashewa, ba ya kashe haƙƙi. Kuɗin kes kuɗin mutane ne, na mai tuyar ƙosai da mai sayar da albasa da suka ajiye dala-dala. Kuma kusan tabbas akwai wanda ya tsaya maka lokacin da ka karɓa. Shi ma sunansa na cikin dosiyen, watakila an sha takura masa bai gaya maka ba. Za ka biya. Amma ka yi ciniki kafin ka biya, ba bayan ka biya ba, don ƙarfinka duka yana cikin jikkar farko da ba ka miƙa ba tukuna.

Ga abin da ke faruwa da wanda bai san haka ba. Ya shiga da jikka 50 don nuna niyya, ya miƙa wa mai karɓar kuɗi, ya fito da sanyin zuciya. Bayan wata biyu ya dawo ya tarar 180 ɗinsa ba ta motsa ba. Ba sata aka yi masa ba: ƙa'ida ce, abin da aka biya ruwa da tara yake fara ci kafin ya taɓa uwar kuɗi, sai in mai bin bashin ya yarda da akasin haka. Shekara shida na tarar jinkiri kuwa na iya kamo uwar kuɗin ko ta wuce ta.

Saboda haka ka wuce mai karɓar kuɗi, ka nemi shugaban reshe ko mai kula da karɓo bashi. Ka ce a fitar maka da cikakken lissafi a rubuce, kashi uku: uwar kuɗi nawa, ruwa nawa, tara nawa. Sannan ka yi tayi: a yafe tara, ka biya uwar kuɗin, rabi yau, rabi cikin wata shida. In gaya maka abin da ke bayan teburin, bashin da ya kai wannan shekaru an daɗe da fitar da shi daga lissafin abin da ake sa ran samu. Duk abin da ya dawo daga cikinsa, a wajensu kamar tsintuwa ne, kuma abin yabo ne ga ma'aikacin da ya karɓo. Za su ja, za su ce sai kwamiti ya zauna. Ka bar kwamitin ya zauna. Kada ka biya sai yarjejeniyar ta fito a rubuce da hatimi, tana faɗin jimillar da aka tsaya a kai, da ranakun biya, da cewa in ka cika babu sauran kome a kanka da kan wanda ya tsaya maka. Kuma a teburin karɓar kuɗi za ka biya, da resi, ba a hannun ma'aikaci a bakin titi ba, kome kirkinsa.

Wani zai ce, neman ragi bai zama cin haƙƙi ba? Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da na ji daga malamanmu shi ne: bashin da wa'adinsa ya riga ya cika, sulhu a kansa da ragi ya halatta in mai shi ya yarda. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan tashi ka biya. Abin da Malikiyya suka hana, kamar yadda ya zo a littafinsu Risala, shi ne rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya. Naka kuwa ya daɗe da wuce lokaci, kuma tara kake neman a sauke, ba uwar kuɗi ba.

In ka gama, ka karɓi takardar shaidar cewa ba sa bin ka kome. Tun 2016 akwai ofishin tattara tarihin masu cin bashi na yankin, wanda ake kira BIC, kamfanin Creditinfo ke tafiyar da shi daga Abijan. Bankuna da manyan kes-kes na aika masa sunaye, kuma kana da damar neman rahoton kanka. Bayan ƴan watanni ka nema, ka ga ko an gyara. In ba a gyara ba, takardar nan ce za ta yi maka magana.

Gero ba ya buƙatar dogon bayani, sai tambaya ɗaya: rance ya ba ka, ko sayar maka ya yi bashi? In kun yanka kuɗi ranar, kuɗin nan za ka biya, ko gero ya hau ko ya sauka. In buhu ya ranta maka, buhu za ka mayar, cike da tiya ɗaya da wadda aka auna maka. Haka ma wanda ya ci bashin naira a Kwanni, naira zai biya, kome faɗuwarta. In buhu ne, kada ka saya cikin damina lokacin da hatsi ke tsada. Ka jira kaka, Oktoba zuwa Nuwamba. Amma zuwa wajensa kada ya jira kaka. Ka same shi a gida bayan la'asar, ba ranar Lahadi cikin kasuwa gaban abokan cinikinsa ba, ka ce masa ban manta ba, ga lokacin da zan kawo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma ɗan kasuwar ana bin sa. Abin da ke ɓata musu rai ba jinkiri ba ne, sauya hanya ne in an hango su.

Ga rabon yadda zan yi da ni ne: 75 ga mai shek, 100 ga gwaggo, 90 ga kes, 35 ka ajiye. Jikka 15 da ka ƙwato ta tafi kes wata shida, ta cike ɗaya 90 ɗin, daga nan ta koma tarin kuɗin gero. Wannan 35 ɗin kada ka raina ta, kada kuma ka ji kamar ka ɓoye wa masu bin ka wani abu. Wanda ya juye aljihunsa kaf don biyan bashi, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko albashi ya yi jinkiri, ƙofar mai ruwan nan zai koma bugawa. Ka ajiye ta inda hannu ba ya saurin kai wa, ba cikin asusun da albashi ke shiga ba.

In kafin ka gama shirin wani ya riga ka, wisiye, mai isar da takardun shari'a, ya kawo maka takardar umarnin biya daga kotu, kada ka jefa ta cikin akwati. Bisa gyaran da aka yi wa dokar OHADA a 2023, kwana goma gare ka ka shigar da ƙin yarda. Da can 15 ne, kuma har yanzu wasu na lissafi da tsohon. In kwanakin suka wuce, takardar ta zama hukunci. Ko a gaban alƙali ma ƙofa ba ta rufe ba: dokar ta ba shi ikon jinkirta maka biya ko rarraba shi har tsawon shekara ɗaya, in ya duba halinka da bukatar mai bin ka. Wanda ya zo da jadawalin banki mai nuna wata 24 ba tsallake, da resin abin da ya biya wasu, alƙali na saurarensa dabam da wanda ya zo hannu rabbana.

Daren yau, kafin ka taɓa kuɗin, ka samu takarda ka rubuta duka biyar ɗin, har da na banki: wa ke bin ka, nawa, wa ya shaida, ina takardar take. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a wajenka, ɗaya wajen uwargida ko ɗan'uwan da ka amince da shi. Duk wanda ka rufe, ka ja masa layi a duka biyun, ka sa kwanan wata, ka liƙa resin a baya.